A kwanar hanya, kada gudu ya wuce gani

Yau za mu ajiye maganar iri da taki, mu yi maganar hanya. Wataƙila wani ya ce, mi ya haɗa takardar manoma da tuƙin mota? Abin da ya haɗa su yana da yawa. Waken da munka noma, a mota yake zuwa kasuwa. Dankalin turawan da ake nomawa da rani a Dogon Dutsi, a kamiyo yake zuwa Yamai. Mu ne ke cika motocin kasuwa, mu ne masu amalanke, kuma samarin da ke bisa babura ɗiyanmu ne. In hanya ta ci mutum, sau da yawa wata gona ce ta rasa mai noma ta.

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa tsakiyarmu. Ta taso daga Yamai, ta bi Doso, ta shigo Kore Mairuwa, ta faɗa Dogon Dutsi, ta wuce Dankasari zuwa Ƙonni, har Maraɗi da Damagaram. Dare da rana manyan motoci suna bisa kanta. Ban da ita akwai hanyoyin da ke kai mu Tibiri, Dumega, Geceme da Matankari, da ƙananan hanyoyin ƙauye waɗanda sunka bi tsakanin gonaki. Ƙasarmu kuwa ba shimfiɗaɗɗa ba ce duka. Akwai fako, akwai duwatsu, akwai gangaren da ke sauka cikin Dallol Mawri. Inda hanya ta gamu da dutsi ko ƙorama ko gari, tilas ta lanƙwasa. Wannan lanƙwasar ita ce kwana, wadda masu jin Faransanci ke ce ma biraj.

Kusan kowace hanya tana da wata kwana da ta yi suna. In mota ta kife a wurin sau biyu sau uku, sai ka ji ana cewa wurin yana da iska, ko akwai wata tsamiya a nan mai son jini. Ba na gardama da kowa bisa abin da ya gada. Amma ina da tambaya guda. Mi ya sa ba mu taɓa jin iskar nan ta kifar da mai jaki ko mai raƙumi ba, kullum sai abin da ke gudu? Waɗansu kuma su ce ajali ne. Gaskiya ne, ajali na Allah ne, babu mai musu. Amma mai faɗin haka yana ɗaure akuyarsa da dare, yana kuma rufe rumbunsa. Ra'ayina shi ne, yawancin haɗarin kwana daga abu guda yake tasowa: direba ya shigo da gudun da ya fi ƙarfin tayarsa, ya kuma fi nisan abin da idonsa ke gani. Kuma mu da ba mu riƙe da sitiyari, muna da namu kaso cikin laifin. Zan faɗi dalilaina, ku auna.

Abin da ke faruwa ga mota cikin kwana

Kowa ya san majajjawa, wadda yara ke korar tsuntsaye da ita in hatsi ya fara ido. Yaro yana wulwula ta, dutsi yana zagayawa, don igiya ta riƙe shi. Da ya saki igiya, dutsi ba ya ƙara zagayawa, sai ya miƙe sak. Haka mota take. Abu mai gudu miƙewa yake so. Shi ya sa in direba ya karya kan mota hagu, fasinjoji duka sai su matse wanda ke bakin ƙofar dama. Igiyar da ke riƙe mota cikin kwana ita ce riƙon da taya ke yi ma ƙasa. Ku duba ƙaramar mota a tsaye, ku ga inda taya ta taɓa ƙasa. Bai fi faɗin tafin hannu ba. Tafin hannu huɗu ke ɗauke da ran mutanen da ke cikin motar duka. Babur kuwa biyu gare shi, kuma ba su kai tafin hannu ba.

Ga wani lissafi, ku da kunka yi karatun manya za ku gane shi da sauri. In kana da gona, ka ninka tsawonta sau 2, ka ninka faɗinta sau 2, gonar ba ta zama ninki 2 ba, ninki 4 ta zama. Haka turin da kwana ke yi ma mota yake. In gudu ya ninka sau 2, turin ya ninka sau 4. In gudu ya ninka sau 3, turin ya ninka sau 9. Motar da ta shiga kwana da gudun kilomita 80 a awa, tayarta tana fama da ninki 4 na wahalar wadda ta shiga da 40. Daga 60 zuwa 90 ma, wanda direba ke gani kamar ɗan ƙari ne, turin ya wuce ninki 2. Wannan ne ya sa direba kan ce, ai kullum ina bin wurin nan lafiya lau. Gaskiyarsa. Jiya ya bi da 60, yau yana sauri ya bi da 90, kuma iska ta zubo ƴar rairayi bisa kwalta. Igiya ta tsinke.

Riƙon taya kamar kuɗin aljihu ne ranar kasuwa. In ka kashe su duka wurin gishiri, babu na sabulu. Taya tana iya kashe riƙonta wurin tsayawa, ko wurin juyawa. In ka nemi ta yi duka biyun da ƙarfi lokaci guda, sai ta kasa. Don haka wurin taka birki shi ne kafin kwana, tun hanya tana miƙe. A nan ake rage gudu, a nan ake sauko da giyar mota, wadda direbobinmu ke ce ma bitas. In an shiga kwanar, a riƙe mota daidai, ba fizgar sitiyari, ba danna birki. Sai an hango mafita, an ga babu kowa, sannan a ƙara mai. Wanda ya tuna da birki a tsakiyar kwana, ya makara.

A gangare abin ya fi tsanani. Akwai direbobin da ke fitar da mota daga giya in za su sauka gangare, wai don su rage shan mai. Man da ake ragewa bai kai na cika kwalba ba. Motar kuwa ta zama kamar amalanken da ya kuɓuce ma mai shi. Birki shi kaɗai ke riƙe ta, kuma birki in ya yi zafi sosai yakan daina kamawa. In akwai kwana a ƙasan gangaren, to, sai dai Allah ya kiyaye. Babbar mota mai kaya, da ƙaramar giya ake sauko da ita, inji yana taya birki riƙo.

Sai maganar lodi, wadda mu manoma munka fi kowa sani. In ka jera damman hatsi bisa amalanke sunka yi tsawo da yawa, ka san ko ɗan rami ya isa ya kifar da shi. Motar kasuwa da anka cika cikinta da mutane, anka tara buhuna bisa rufinta har sunka kai rabin tsawonta, aka kuma ɗora awaki da samari a sama, nauyinta ya koma sama. Irin wannan mota ba ta jiran tayarta ta zame. Tayoyin gefe guda su ɗaga, ta kwanta. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, a tsakiya, a ɗaure su tamau, don buhun da ya gusa cikin kwana yana jan mota da shi. Tankar mai ko ta ruwa wadda ba ta cika ba ita ma haka. Duk wanda ya taɓa ɗauko jarka rabi bisa jaki ya san yadda ruwa ke kai da komo yana jijjiga dabba.

Taya ma a dube ta. Tayar da zanenta ya shafe, ta yi sulɓi kamar bayan ƙwarya, ba ta da riƙo in ƙasa ta jiƙa. Ruwan farko na damina ya fi kowane ruwa sa santsi, don yana haɗuwa da ƙura da baƙin man da motoci sunka zubar duk rani. Hanyar jan ƙasa mai gargada kuwa, taya tsalle take yi bisa kanta, rabin lokaci ba ta ma taɓa ƙasa.

Abin da ido bai gani ba

Ko da taya sabuwa ce, ko da lodi daidai ne, saura babbar magana. Kwana tana ɓoye abin da ke bayanta. Mai tuƙi bai sani ba ko garken shanu ne ke ƙetarawa, ko amalanke ne, ko kamiyo ya lalace a tsakiyar hanya, ko ƴan makaranta ne ke komawa gida.

Mu sake yin lissafi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin sakan guda. Sakan guda shi ne kamar ka ce "salamu alaikum" da sauri. Kafin ido ya gani, hankali ya gane, ƙafa ta kai ga birki, direba mai lafiya wanda ba ya jin barci yana bukatar kamar sakan guda. Mita 25 sun tafi ke nan, birki bai ma fara aiki ba. Bayan haka, bisa kwalta busasshiya, da birki mai kyau, motar tana bukatar kamar mita 45 kafin ta tsaya. Jimla mita 70. In gudun 50 take yi, mita 14 na tunani da mita 14 na birki, jimla bai kai mita 30 ba. Bisa jan ƙasa ko jiƙaƙƙiyar hanya, tafiyar birki tana iya ninkawa. Babbar mota mai kaya kuwa tana bukatar fiye da haka.

To, in kwana ba ta bari ka ga abin da ya wuce mita 40 gabanka, kai kuma kana bukatar mita 70 ka tsaya, ai ka riga ka yanke hukunci bisa duk wanda ke bayan kwanar tun ba ka gan shi ba. Ba gwaninta ke fitar da kai ba, sa'a ce kawai ta sa ba ka tarar da kowa ba. Ƙa'idar da nake so kowane mai tuƙi ya riƙe ita ce wannan: ka yi gudun da za ka iya tsayawa cikin filin da idonka ke gani. In ganin ya ragu, gudu ya ragu. Da dare, ganinka ya ƙare inda hasken fitila ya ƙare, kuma fitila gaba take haskawa, ba ta lanƙwasa da hanya. Lokacin hunturu in hazo ya rufe, haka. Mai zuwa Ƙonni da sassafe rana tana cikin idonsa, mai dawowa da marece ita ma haka.

Mugun abu na biyu shi ne wuce mota cikin kwana. Farin layin da anka ja a tsakiyar kwalta, in bai yanke ba, ma'anarsa kada ka ƙetare shi. In ka fita hannun hagu don ka wuce kamiyo, wata mota kuma ta ɓullo, kowannenku yana gudun 90, tazarar da ke tsakaninku tana raguwa da mita 50 kowane sakan. In kun hangi juna daga mita 150, sakan 3 gare ku. Ba ya isa a gama wuce doguwar mota, ba ya isa a koma baya. Ƙanen wannan shi ne yanke kwana, wato direba ya bar hannunsa na dama ya bi ta ciki don ya miƙe hanya. Masu babur sun fi kowa wannan hali, musamman a lungunan gari da hanyoyin gona. Kowa ya riƙe damarsa. A hanyar ƙauye mai ƙunci kuwa, a busa oda kafin a shiga kwana. Amma oda ba ta share hanya. Saniya ba ta san oda ba, kurma ma bai ji ta ba.

In taya ta faɗa gefen kwalta, inda bakin hanya ya cinye, kada a fizgo mota da ƙarfi don a maido ta. Fizgar ce ke jefa mota ɗaya hannun ko ta kifar da ita. A ɗaga ƙafa daga mai, a riƙe sitiyari, a bari gudu ya mutu, sannan a hau a hankali.

Samari masu babur, ku matso. Babur kwantawa yake yi in zai sha kwana, kuma in tayar gaba ta taka rairayi kana matse da birkin hannu, kafin ka ce mi, kana ƙasa. Rairayin nan kuwa a kwana ya fi taruwa, da inda ruwa ya ratsa hanya da damina. In ka ɗauki mutum biyu da buhu a baya, gaban babur ya yi sako-sako, ba ya jin juyi. Hular kwano tana da zafi, na sani, rawani kuma ya fi ta kyau. Amma rawani ba ya tare dutsi. Wayar salula a kunne da hannu guda bisa kan babur, ko ƙwayar tramol da waɗansu ke sha wai don su jure aiki, duk suna ƙara tsawon sakan ɗin nan na tunani da munka lissafa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wurin kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Ta ce in an auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowa asara, alhali motocinmu sun fi na kowa ƙaranci.

Direbobi suna da tasu hujja, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa mai mota yana jiran kuɗinsa kowace rana, mai ya yi tsada, in ba ka yi sauri ba wani ya riga ka kwashe fasinjan gaba. Suna cewa fasinja da kansa ke gunaguni in an tafi a hankali. Duk gaskiya ne. Amma a lissafa abin da saurin ke sayowa. A ce kwana tana da tsawon mita 300. Da gudun 90 za ka wuce ta cikin sakan 12. Da gudun 50, cikin sakan 22. Bambanci sakan 10. Ko da kwana 10 ce a hanyarka, ba ka yi asarar minti 2 ba. Direban da ya tsaya shan shayi a tasha ya ɓatar da fiye da haka yana jiran a wanke kofi. Sauri dai ya haifi nawa.

Namu kason

Yanzu mu juyo kanmu, don a nan ne takardar manoma ta fi amfani.

Hatsi in ya samu ruwa yana wuce tsawon mutum, har ya kai mita 2 ko 3. Da yawa cikinmu muna shuka shi har bakin hanya, ba mu bar ko taki guda ba. Inda hanya take miƙe, da sauƙi. Amma a cikin kwana, hatsin nan ya zama bango daga watan Agusta har a yi girbi. Kwanar da ake hangen bayanta da rani, da damina ta zama makauniya. Lokacin nan ne kuma yara da mata da amalanke sunka fi fitowa daga gonaki su faɗo hanya. Na san gona ta yi ƙaranci, ɗiya sun yi yawa, kowane kunya yana da daraja. Ban ce a bar wurin ba shuka ba. Cewa na yi, a kusurwar da ke cikin kwana a sa abin da ba ya tsawo: wake, ko gyaɗa, ko ƙwaruru. Mai gona bai yi asara ba, wataƙila ma ya ci riba, kuma mai tuƙi ya samu gani. Bayan girbi kada a jingina kara ko a kafa darni a wurin. Sabara da ƙalgon da sunka rufe kwana a sassabe su. In babban icce ne, a yi shawara da ma'aikatan gandun daji, sau da yawa rage rassan ƙasa ya isa, ba sai an sare shi ba.

Sai amalanke. Ranar kasuwa muna dawowa bayan magariba, jaki ya gaji, yaron da ke kora shi yana gyangyaɗi, babu fitila, babu komi mai ƙyalli a baya. Mai mota da ya fito daga kwana ba ya ganin amalanke sai ya zo kansa. Ƴar tocila da anka ɗaura a baya, ko ƙyallen nan mai ƙyalli da ake liƙa ma motoci, ko ma farin buhu da anka rataya, duk sun fi babu. Kuma kada amalanke ya hau kwalta ko ya ƙetare ta a bakin kwana. A ƙara tafiya kaɗan zuwa inda ake ganin hagu da dama. Makiyayi ma haka, in zai ƙetarar da garke, ya nemi miƙaƙƙen wuri, ya sa mutum a gaba. Masu shanya wake ko barkono bisa gefen kwalta, da masu kasa kaya a kwanar shiga gari, su sani suna tura mota zuwa hannun da ba nata ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne shirunmu cikin mota. Mutum ya biya kuɗinsa, yana ganin direba yana wuce kamiyo cikin kwana, cikinsa ya ɗuri ruwa, amma ba ya magana sai salati a zuci. In wata tsohuwa ta daure ta ce, yaro ka rage gudu, sai maza su yi dariya, su ce tsoro gare ta. Tsohuwar nan ta fi su hankali. Ku da kunka iya karatu, kuna iya karanta allon gefen hanya, kuna iya duba agogon gudu. Allo mai kusurwa uku da jan baki, da baƙin zane a lanƙwashe, yana cewa kwana na gaba, kuma zanen yana nuna hannun da ta karya. In zanen ya yi kamar maciji, kwanoni ne a jere. Allo mai da'ira da jan baki da lamba a ciki, iyakar gudu ke nan. In kun ga direba bai kula ba, ku yi magana cikin ladabi, kuma in ɗaya ya yi magana saura su goya masa baya. Direba yana iya raina mutum guda, ba ya raina mota duka. In ya ƙi ji, a gaya ma shugabannin tasha, ko jandarmomi a shinge na gaba. Kuma mu daina matsa ma karen mota ya ƙara mana buhu bisa motar da ta riga ta cika, sannan mu hau mu zauna bisa buhun.

Akwai wani abu da ƙauyuka ke yi bayan haɗari, cikin zafin rai. Samari su fito su gina tudu a tsakiyar hanya don tilasta ma motoci rage gudu. Na gane ɓacin ran. Amma tudun da babu allo gabansa, babu fenti, wanda anka gina a bayan kwana, tarko ne. Mai babur da ke kai mai naƙuda asibiti da dare shi zai fara faɗawa. In gari yana son tudu, mai gari ya kai kuka ga hukumar komin da ma'aikatar kula da hanyoyi, a yi shi bisa ƙa'ida, inda ake hango shi daga nesa. Su ma hukumomi muna da magana da su. Direbobi suna biyan kuɗin hanya. Allon da ya faɗi a tashe shi, layin da ya shafe a sake ja, rairayin da ya rufe kwalta a kwashe, bakin hanyar da ruwa ya ci a cike shi kafin wata damina. Akwai hukumar kiyaye haɗarin hanya ta ƙasa, ANISER, muna so mu riƙa ganin ta a ƙauye kamar yadda ake ganin ta a Yamai. Amma allon da wani ya cire ya kai ma maƙeri, ko ya yi ƙofar akurki da shi, wannan ba hukuma ta cire shi ba. Ɗan garin ne, kuma an san shi.

In mota ta lalace ko haɗari ya auku a kwana, aikin farko kafin komi shi ne tsayar da masu zuwa. A tura mutum guda kowane gefe, ya wuce kwanar sosai, ya tsaya a gefen hanya yana kaɗa ƙyalle, ko tocila in dare ne. Ganyen da ake jerawa bisa hanya a fara shi tun kafin kwana, ba a gindin mota ba. In an gama gyara a kwashe ganyen, a kwashe duwatsun da anka tare taya da su, don dutsin da anka bari yana jiran mai babur. Wanda ya ji rauni kada a ja shi ta hannu ko ƙafa, sai in wuta ake gudu. Wuya da gadon baya in sun karye, jan nan ne ke ƙarasa mutum. A ɗauke shi a miƙe, mutum uku ko huɗu, ɗaya yana riƙe da kai. Kada a ɗura ma wanda ya suma ruwa. A kira 18, lambar ƴan kwana-kwana, ko 17, ko a sanar da jandarmomi da asibiti mafi kusa.

In kuwa tankar mai ce ta kife, a gudu, a kori yara. A watan Mayu na 2019 wata tanka ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, mutane sunka taru da bokitai suna ɗibar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 sunka mutu a daren. A watan Oktoba na 2024 irin haka ta faru a Majiya, cikin jihar Jigawa ta Najeriya, inda fiye da mutum 150 sunka rasu. Yawancin waɗanda sunka mutu ba a cikin motar suke ba, daga gidajensu sunka fito.

Ga wani aiki da nake roƙon kowane ajin karatun manya da kowace ƙungiyar masu sauraron rediyo su yi cikin makon nan. Ku je kwanar da ta fi ba ku tsoro kusa da garinku, da rana, ku bi gefen hanya, ku sa mutum yana duba muku motoci. Ɗaya ya tsaya inda amalanke ko dabbobi sunka saba ƙetarawa. Na biyu ya yi ta tafiya zuwa inda motoci ke fitowa, yana ƙidaya manyan taki, kowane taki kusan mita guda, har ya daina ganin abokinsa. Ku rubuta lambar. Ku yi haka ta ɗaya gefen. In lambar ba ta kai 70 ba, motar da ta zo da gudun 90 ba za ta iya tsayawa ba. In ba ta kai 30 ba, ko mai gudun 50 ba zai tsaya ba. Ku rubuta kuma abin da ke tare ganin, ko hatsi ne, ko darni, ko sabara, ko dutsi, da ko akwai allo ko babu. Ku kai ma mai gari takarda guda tun kafin a yi shuka, don a yi magana da masu gonakin wurin, ku aiko da guda gidan rediyo da sunan garin da hanyar.